Amsa: haɗa katin girafik biyu a kwamfutar gem

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce kana da GTX 1070, katin girafik mai sarrafa hoto a kwamfuta, kana so ka je kasuwar Circle a Accra ka ƙaro na hannu ka haɗa su biyu don gem ya ƙara gudu. Ni dai wallahi ban ba ka shawara ba.

Zamanin SLI, wato fasahar haɗa kati biyu su yi aiki tare, ya wuce. Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, ta daina yi wa sababbin gem saitinsa tun farkon 2021, don haka yawancin gem na yanzu kati ɗaya suke gani, ɗayan yana nan zaune yana shan wuta a banza. Kuma memori ba ya haɗuwa, 8GB da 8GB ba su zama 16, kowanne abin da ɗan uwansa ya riƙe shi yake riƙewa.

Na gwada a ɗakina a Nima, kati ɗaya wat 150 yake ja, biyu 300, ga zafin watan Maris, in ka ɗora hannu a kan akwatin kamar murfin tukunyar waakye, kuɗin mita kuwa sai ƙarewa yake kamar ana sata, har fawa sufilai sai da na canja.

Ka sayar da naka, ka cika kuɗi ka ɗauki guda ɗaya mai ƙarfi. Wane madabod, wato allon da ake soka katin a kai, gare ka ma tukuna?