Gidan gado ya ƙi sayuwa, ga takardar haraji ta iso

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Mahaifinmu ya rasu shekara 9 ke nan, ya bar gida a Hotoro, mu bakwai, maza huɗu mata uku, da mahaifiyarmu. Takardar gidan tana hannun babban yayanmu tun sadakar bakwai, har yau ba a raba gado ba. Bara mun samu mai saye, lauyansa ya yi bincike ya ce akwai magana a kan takardar, suka janye. Yanzu an kawo mana takardar haraji, an yi wa gidan kuɗi naira miliyan 60. Gidan da ba ya sayuwa ta yaya zai kai haka? Zan iya zuwa in nemi a rage? Ni jira nake ya kai miliyan 100 in karɓi rabona in fara sauke kwantena daga ƙasar Sin.

Amsa: Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Amma ka bar jaki kana dukan taiki. Ka rubuto mini a kan haraji, alhali abin da ya kamata ya hana ka barci yana can tsakiyar wasiƙarka, ka wuce shi kamar ba komai: lauya ya ce akwai magana a kan takarda. Wace magana? Shekara guda ke nan, ba ka tambaya ba?

Bari in sallami batun harajin tukuna. Mai ƙiyasta haraji ba dillali ba ne, ba ruwansa da ko kun shirya da yayanku. Yana duban unguwa, girman fili, irin ginin, da abin da gida kamarsa zai kawo na haya a shekara. Harajin gini, wanda tsarin mulkin 1999 ya sa a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, bisa al'ada a kan kuɗin haya ake gina lissafinsa. Kuɗin ƙasa kuma, wato wanda ake biya duk shekara a kan filin kansa, na gwamnatin jiha ne, sharaɗi ne da ke tare da takardar mallaka. To gidanku ana kwana a ciki, ko an sa 'yan haya? Ke nan yana da amfani, kuma amfanin ake bi. In ka shiga ofis ka ce a rage domin mun kasa sayarwa, za a ce maka wannan rigimar cikin gidanku ce.

Ƙorafin da ake saurara shi ne wanda ya taɓa gidan kansa. An rubuta bene alhali ginin ƙasa ne, an ƙara wa filin faɗi, rufi yana yoyo, bangon baya ya tsage, ko maƙwabta masu irin gidanku ba sa karɓar hayar da aka ɗora muku. Ka ɗauki mai ƙiyasin gidaje mai rajista ya rubuta rahoto, ka haɗa da hotuna da rasitan haya, ka kai a rubuce kafin wa'adin da ke jikin takardar ya cika. Ya kan ambaci matsalar takarda a rahotonsa, amma kada ka rataya fatanka a nan. Kada kuma ka ƙi biya don fushi. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon soke takarda in an saɓa sharuɗanta, kuma a 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye dubbai saboda bashin kuɗin ƙasa na shekara goma ko fiye. Ku biya da sunan magadan marigayi, ka adana rasit, ranar rabo a cire maka abin da ka kashe.

Yanzu mu koma kan yaya. Kai da ba ka ba ɗan kasuwar ƙauye turmi biyar bashi sai ka rubuta a littafi, ka bar dukiyar miliyoyi shekara 9 a durowar mutum ɗaya, ko kwafin takardar ba ka da shi. Na san amsar: kunya. Babban wa uba ne, wa zai dube shi ya ce fito da takardar Baba? Ban ce yayanka maci amana ba ne, ban san shi ba. Amma takarda ba ta yin “magana” haka kawai. Ko an jinginar da ita an ci bashi, ko wani ya shigar da ƙara, ko an taɓa sayar da wani sashe, ko shi kansa Baba da ya saya ba a nemi amincewar gwamna ba, wadda sashe na 22 na waccan doka ya wajabta, sunan mai gidan farko ne har yau a fayil. Kowanne da maganinsa daban, kai kuwa ba ka san wanne kake fama da shi ba.

Na taɓa zama da wasu magada a kan irin wannan. Baffansu ne ya riƙe takarda, mutumin kirki, mai sahun gaba. Kasuwa ta juya masa baya, ya kai ta wurin wani mai kuɗi da niyyar fansowa bayan wata shida. Bai fanso ba har Allah ya yi masa rasuwa. Ranar da na je gidan, wata daga cikin 'ya'yan ta fito da baƙar leda daga ƙarƙashin katifa, ta zazzage a kan tabarma: rasitan wuta, katin asibitin marigayi, da kwafin shafi ɗaya na takardar, lambar fayil ɗin ma ruwa ya cinye rabinta. Shi ke nan hujjarsu. Kafin a gama shari'a, biyu daga cikin magadan sun rasu, rabonsu ya gangara kan mata da 'ya'yansu, mutum takwas suka koma ashirin da wani abu, kowa sai an nemi sa hannunsa. Dillalai kuwa suna jin gida mai rigima ne suka riƙa taya shi rabin kuɗi.

Batun kwantena, ɗauko kalkuleta. A miliyan 60, in babu bashi a kan marigayi, Hajiya mahaifiyarku ta ɗauki tumuni, miliyan 7 da rabi. Saura a kasa goma sha ɗaya, namiji kashi biyu, kai ka tashi da wajen miliyan 9 da rabi. Ko ya kai miliyan 100 ɗin da kake mafarki, rabonka bai cika 16 ba, kuma ka fi ni sanin abin da naira ta zama tun 2023. In dillalin rigima ya taya 35, ka sauko kusan 5 da rabi. Wace kwantena?

Gobe ka nemi lambar lauyan mai sayen nan ka tambaye shi abin da ya gani. Ka sa naka lauyan ya binciki fayil ɗin a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano. Sannan ka je wurin Hajiya, ba wurin yaya ba, ita ce za ta tara ku ba tare da an ce ƙane ya yi rashin kunya ba, a kira malamin da ya san rabon gado, takarda ta fito kowa ya gan ta da idonsa. In yaya ya ce sai bayan Sallah, ka ba shi bayan Sallah ɗaya. In ta wuce, kotun shari'a na nan.