Yaya ƙugiyar gini take hawa tare da bene, kuma me ke hana ta kifewa?

Tambaya: Ni birkila ne a Tudun Wadan Gombe. Da na je Umara na ga ƙugiyoyi a kan dogayen gine-ginen Makka, ƙarafa sirara amma suna ɗaga kaya masu nauyin mota. Wa ke kai su can sama, kuma me ya sa ba sa faɗuwa?

Amsa: Malam, sannu da aiki. Ka tuna ɗan ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa, garwa gaba garwa baya. Haka ƙugiyar take. Dogon hannun gaba ke ɗaukar kaya, gajeren na baya kuwa an jibga masa manyan tubalan kankare don ya tare rinjaye. Abin da ya rage na rinjayen sai ya gangaro ta jikin ƙarfen zuwa harsashi, inda aka zuba kankare mai kauri da rodi aka ɗaure ƙafafun a ciki.

Ɗauki bokitin kwaɓaɓɓen siminti ka manna shi a ƙirji, sannan ka miƙe hannu da shi. Nauyin bai ƙaru ba, amma kafaɗarka ta shaida. Shi ya sa muke ninka nauyi da nisa: tan 10 a mita 10 daga gindi daidai yake da tan 2 a mita 50. Direban da ya san aikinsa ba ya ɗaga kaya sai ya san nauyinsu da inda zai sauke.

Hawa kuwa, da kanta take yi. Ƙaramar ƙugiya mai taya ce ke haɗa gaɓoɓin farko na dogon jikin ƙarfen. Daga nan akwai keji da ya rungume wuyanta, da jak a ciki. A kwance notika, jak ya tura kan gaba ɗaya sama, a zura sabuwar gaɓa a gibin, a ɗaure. Bayan 'yan hawa sai a ɗaure ta da jikin ginin. Wata ma a ramin lif ake kafa ta, tana bin benen. Ranar ƙarin tsawo ita ce ranar da gabana ya fi faɗuwa, don a lokacin kan nan a kan jak yake zaune.

Iska ce babbar abokiyar gaba. Idan ta doshi kilomita 70 a awa, aiki ya tsaya. Bayan an tashi kuma ba a kulle hannun, sakin birki ake yi ya riƙa juyawa da iska, don in ya ba ta gefe za ta same shi da faɗi. Ƙugiyar da ta faɗo a Masallacin Harami ranar 11 ga Satumba, 2015, ta kashe sama da mutum 100, mai tafiya a kan sarƙa ce, ba irin wannan ba, amma guguwa ce ta kayar da ita. Allah ya jiƙan su.

A nan Gombe, wanda zai kafa irinta ya fara da gwajin ƙasa. Ka san yashinmu da yadda ruwa ke cin sa ya bar kwazazzabo, ga baƙar ƙasar wasu yankunan da ke kumbura da damina ta dare da rani. Ga kuma guguwar farkon damina mai yaye kwano, wadda dole a saka ta a lissafi tun kafin a zuba harsashi.