Muryar da Ke Hana Sukurat: Kurwarsa Ce ko Wani Ne?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Sukurat, masanin falsafar Girka, yana jin wata murya da ke yi masa jagora. Kurwarsa ce ke magana, ko wani abu ne daban? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, Girkawan dā sun raba su, kowanne da sunansa. Psyche ita ce ran mutum. A waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙin Girka, numfashi ce da ke fita idan an mutu, ta gangara ƙasar matattu kamar inuwa. Daimon kuwa ba kai ba ne, wani ne tare da kai. Aflatun, almajirin Sukurat, ya ajiye shi tsakanin alloli da mutane, yana kai addu'a sama, yana sauko da umarni.

Muryar Sukurat daga ɓangaren daimon take. Ya ce tun yana yaro muryar ke zuwar masa, kuma ba ta taɓa ce masa "yi" ba, hani kawai take yi. Ita ta hana shi shiga siyasa. Wani lokaci yana tsakiyar magana sai ta tsayar da shi.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ranar shari'arsa a birnin Atina, shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka tuhume shi da kawo sababbin abubuwan bauta da ɓata matasa. Bayan an yanke masa hukuncin kisa, ya gaya wa alƙalan da suka goyi bayansa cewa da ya fito daga gida da safe muryar ba ta hana shi ba, da ya shiga kotu ma shiru, haka har ya gama jawabi. Daga wannan shirun ya fahimci cewa mutuwar da ke gabansa ba sharri ba ce. Na sha karanta wurin nan, har yau jikina na yin sanyi.

Sai dai Aflatun bai bar katangar da ke tsakanin psyche da daimon a tsaye ba. A ƙarshen littafinsa na Jamhuriya, rayuka ne ke zaɓen daimon ɗinsu kafin a sake haihuwarsu. A littafinsa na Timayus kuma ya ce hankali, wato ɓangaren rai mafi ɗaukaka, shi ne daimon ɗin da aka bai wa kowa. A ganina, a bakin Sukurat muryar baƙuwa ce, almajirinsa ne ya shigo da ita cikin gida.

Ki kula da masu fassara kalmar daimon da "shaiɗan". Wannan ma'anar ta kafu ne daga baya, a hannun marubutan Kirista.