Kun tambaya mun amsa: yawon da Daniel Bryan ya sha kafin a san shi a talabijin

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya a kan ɗan resilin ɗin nan mai gemu Daniel Bryan wanda ake yi wa yes yes yes. Musu muka yi da abokaina a majalisa, wani ya ce wai kafin ya shigo WWE ya yi shekara goma yana wasa a wasu wurare, ni kuma nace a ina? Ni dai a sanina resilin WWE ce kawai. A raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena sai dai kayi haƙuri, abokinka ne ya ci musun nan, in da kun sa shayi ne to kai zaka biya. WWE ita ce babbar kasuwa, ita muke gani a gidan kallo shi ya sa muke zaton ita kaɗai ce, amma a Amurka akwai ƙananan kamfanonin resilin masu zaman kansu birjik, su can suna ce musu indi, kuma yadda abin yake shine ɗan wasa ba shi da ubangida ɗaya, yau Juma'a yana wannan gari gobe Asabar yana wancan, duk wanda ya kira shi suka daidaita kuɗi zai je. In ka taɓa ganin yadda 'yan dambe ke bin gari gari bayan kaka to ka gane hoton, bambancin kawai su nasu a cikin ɗaki ake yi, zauren wasan makaranta ko ɗakin taron tsofaffin sojoji, a jera kujerun ƙarfe masu naɗewa, mutum ɗari biyu ɗari uku, a kafa dandamali mai igiya a tsakiya.

Sunansa na yanka Bryan Danielson, an haife shi a 1981 a wani ƙaramin gari Aberdeen a jihar Washinton. Yana gama sakandare a 1999 ya tattara ya tafi San Antonio a Teksas makarantar resilin ta Shawn Michaels, eh shi dai wannan Shawn Michaels ɗin da ka sani, kuma a shekarar ya fara hawa dandamali, a lokacin ma fuska a rufe yake wasa da laƙabin American Dragon. Abin da mutane da yawa basu sani ba shine WWF (haka sunan WWE yake a da) ta taɓa ɗaukarsa tun a 2000 ta tura shi Memphis wajen koyon aiki, can ya haɗu da William Regal ɗan Ingila wanda ya koya masa murɗe gaɓa irin ta Turawan Ingila, amma a 2001 suka sallame shi. Kuma ka lura da shekarar, a 2001 ɗin ne WWF ta saye WCW, ECW ma ta durƙushe, wato manyan kamfanoni uku sun koma ɗaya, 'yan wasa suka yi yawa gurbi ya yi kaɗan, ga shi shi kuma ba ƙato ba, a zamanin da masu kamfani ƙattai kawai suke nema. To ina zai nufa? Sai yawo.

A ƙarshen 2001 ya ci wata gasa a Kalifoniya da ake kira King of Indies, sannan ranar 23 ga Fabrairu 2002 wani sabon kamfani Ring of Honor ya yi wasansa na farko a wani zauren unguwa a Filadelfiya, babban wasan daren kuwa na mutum uku ne, shi da Low Ki da Christopher Daniels, Low Ki ne ya ci. Kamfanin nan ba shi da talabijin a farko, kaset da faifan DVD yake sayarwa ya rayu, kaga kenan dole wasan ya yi kyau, domin ba wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi faifan shirme. Har doka suka kafa cewa sai an gaisa hannu da hannu kafin a fara. Daga nan fa sai ƙafa ta buɗe, Japan wajen kamfanonin New Japan da Noah, Ingila inda yake yi wa iyalai da yara wasa a sansanonin hutu na Butlins, Jamus, ya dawo Amurka. A 2003 ma ya leƙa WWE a matsayin ɗan haya na dare ɗaya, aka haɗa shi da John Cena a wani ƙaramin shiri Velocity, Cena ya kada shi aka biya shi ya kama gabansa. Sai 2009 ya sa hannu da su na dindindin. Lissafa da kanka, 1999 zuwa 2009.

TAMBAYA: Malam ni fa abin nan yana ɗaure min kai, yarana basu da aiki sai kallon resilin, babansu yace duk ƙarya ce shiri ne kamar fim. To in shiri ne me ya sa ake cewa wane ya fi wane iyawa, kuma da gaske suna jin ciwo? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, maigida yana da gaskiya rabi. Wanda zai ci an riga an tsara tun kafin su fito, akwai mai tsara labari a bayan fage, kuma su biyun da kike gani suna kamar zasu kashe juna a zahiri taimakon juna suke, har magana suke yi ƙasa ƙasa a tsakiyar wasa. Wannan ba sirri bane yanzu. Amma ƙasan dandamalin katako ne a kan ƙarfe da ɗan abin laushi a sama, wanda aka ɗaga aka maka a kai ya maku da gaske, babu tsarin da zai hana baya ciwo.

Shi wannan Danielson ɗin ma ya ishe mu misali. Ranar 17 ga Satumba 2005 ya karɓi kambun Ring of Honor daga hannun James Gibson, ya riƙe shi kwana 462, ya kare shi sau 38, har da na Liverpool a Agustan 2006 inda suka yi da Nigel McGuinness, wasan da ni dai ban iya sake kallonsa ba saboda yadda kan McGuinness ya rinƙa haɗuwa da ƙarfen kusurwa har jini ya wanke masa fuska. A watan na Agusta dai kafaɗar Danielson ta goce a wasa da Colt Cabana, jijiyoyi suka yage, amma bai ajiye kambun ba, haka ya rinƙa fitowa da kafaɗa a ɗaure har Disamba da Homicide ya karɓe. Shekara na zagayowa, Agustan 2007 a New York, ya haɗu da wani ƙaton Bajapane Takeshi Morishima, duka ya same shi a ido, ƙashin kewayen idon ya tsage tantanin cikin idon ya ɓalle, kuma ya ƙarasa wasan a haka. Bayan 'yan makonni ya dawo da ido ɗaya a rufe da baƙin ƙyalle suka sake yi. Ni wallahi ban ɗauki wannan jarumta ba, ganganci ne, amma kuma sai kin duba cewa ɗan indi in bai fito ba babu ko sisi, babu albashin da zai shigo yana kwance.

Batun iyawa kuwa, ai ko a fim ma akwai wanda ya fi wani. Gwaninta a nan ita ce ka sa mutanen da suka san shiri ne su manta. Bari in ba ki abu ɗaya da yake yi. A doka in ka riƙe mutum ya kama igiya dole ka sake shi kafin rafali ya ƙirga biyar. To shi sai ya ƙi saki, rafali na ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ya saki a daidai nan ya juyo ya zare wa rafali ido ya daka masa tsawa cewa ai yana da dama har zuwa biyar, tun mutane na jin haushi har ya zama duk zauren tare suke faɗa da shi. Ba tsalle ba wuta ba komai, ƙirga kawai. Wata jaridar resilin da ake ji da ita a can, Wrestling Observer, masu karatunta sun zaɓe shi gwanin dabarar kokawa shekara tara a jere daga 2005 zuwa 2013, daga baya ma aka sa wa kyautar sunansa. Su yaran dai a ja musu kunne, kallo kawai, kar wani ya ɗaga ƙaninsa ya maka a siminti.

TAMBAYA: Yallaɓai wai su waɗannan na ƙananan kamfanonin suna samun kuɗi kuwa? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

AMSA: Alhaji tambayar 'yan kasuwa kenan. Mafi yawansu a'a, suna da wani aikin da rana, resilin na ƙarshen mako ne. Kuɗin dare ɗaya ake biya, sabon shiga wani lokacin ko kuɗin mai ba zai fitar ba, shi ya sa zaka ga su huɗu biyar sun cusu a mota ɗaya suna karɓa karɓar tuƙi tsawon dare. Inda ake ɗan samu shine tebur, ana hutun rabin lokaci ko an tashi sai ɗan wasa ya tsaya da kansa yana sayar da riga mai sunansa da hotuna, wanda ya gama zagin ka ɗazu shi ne zai zo ya sayi rigar. Asibiti kuma aljihunka. Ƙalilan irin su Danielson da suka yi suna har ake kiransu Japan su ne suka iya rayuwa da sana'ar kaɗai.

TAMBAYA: Malam naji ance an taɓa korarsa daga WWE, me ya yi? Kuma me yasa yanzu nake ganin ana kiransa Bryan Danielson, ko wani ne daban? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

AMSA: Shi ne dai, ɗana. WWE ta saba canza wa mutum suna don sunan ya zama mallakinta, sai suka juya nasa ya koma Daniel Bryan, da ya bar su ya koma sunan da iyayensa suka raɗa masa.

Korar kuwa abin dariya abin haushi. A Fabrairun 2010 suka sa shi a shirin NXT a matsayin ɗan koyo, mutumin da ya shekara goma yana yi, kuma wai malaminsa The Miz, masu sharhi na ta yi masa ba'a cewa gwanin 'yan intanet ne. A Yunin shekarar aka tsara shi da sauran 'yan koyon su fito su farfasa wurin su yi wa John Cena taron dangi, a cikin hayaniyar sai ya shaƙe sanƙiran wasan, Justin Roberts, da abin ɗaurin wuyansa na kwat. Kamfanin a lokacin yana tallan kansa a matsayin shirin da yara zasu kalla, aka ce abin ya wuce gona da iri, aka sallame shi. Ya koma indi, wata biyu kacal, kuma wannan karon kowa rububinsa yake, sai gashi a watan Agusta a babban wasansu na SummerSlam sun dawo da shi.

Sauran ka sani ko ka ji. A WrestleMania ta 2012, babban wasan shekara na WWE, aka sa Sheamus ya kada shi cikin daƙiƙa 18, abin da aka zata zai binne shi sai ya tunzura 'yan kallo, suka rinƙa ihun yes ko ba ya wurin, har suna ɓata wasan wasu, dole kamfani ya sauya tsari. Ranar 6 ga Afrilu 2014 a New Orleans ya yi wasa biyu a dare ɗaya, ya kada Triple H a farko, ya kada Batista da Randy Orton a ƙarshe ya ɗaga kambu. Ni a gidan kallo na gani bayan kwanaki, janareta ya ɗauke ana cikin wasan ƙarshe, yaro mai karɓar kuɗi ya sha zagi ranar kamar shi ya shanye man.

To amma bashin shekarun can ya zo karɓa. Wuya ya fara, aka yi masa aiki, sannan buguwar kai da ya tara tun yana saurayi, a Fabrairun 2016 ya tsaya a Seattle ya ce ya ajiye. Likitoci suka sake ba shi dama a 2018, a Satumbar 2021 ya koma kamfanin AEW, a nan ne sunan ya dawo. Ranar 25 ga Agusta 2024 a filin Wembley na Landan ya kada Swerve Strickland ya ci kambunsu, a Oktoba Jon Moxley ya karɓe a garin Tacoma, cikin jihar da aka haife shi, kuma daga nan ya daina wasa a matsayin aikin kullum.

In kana da data ka nemi wasansa da Austin Aries na 2004, amma ka cika waya da caji tukuna don ya haura awa ɗaya, kuma hoton ba shi da kyau sosai, kyamarar hannu ce. Wanda ya turo tambaya a kan Undertaker kuma ya yi haƙuri, fili ya cika, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.