Ɗaura noti a bututun alminiyom: me za a saya, me za a bari?

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga masu aikin alminiyom da masu ba su aiki, kuma duk sun taru a kan matsala guda, wato yadda za a samu wurin ɗaura bol a jikin bututu mai siririn bango.

Daga wani matashi mai haɗa tagogi da shogilas a Rikkos, Jos: Malam, barka da aiki. Wani mai shagon magani ya ba ni aikin kantar shagonsa, yana so a riƙa kwance ta ana mayarwa idan zai sauya wuri. Na huda bututun na yanka masa haƙori na ɗaura bol mai lamba 6, ɗauri biyu haƙorin ya cinye. Mai waldan layinmu ya ce in kawo ya liƙa mini noti. In kai masa, ko akwai abin da zan saya?

Ɗan'uwa, kada ka kai masa. Notin da ke hannunka na baƙin ƙarfe ne, bututun kuma alminiyom, waldar lantarki irin ta ƙofofi da gadaje ba ta haɗa su. Alminiyom yana narkewa a zafin digiri 660, ƙarfe kuwa sai ya doshi 1,500. Kafin notin ya fara jin wuta bututun ya zube. Ga shi alminiyom ba ya yin ja kafin ya narke, balle mai walda ya ga alama ya ɗaga hannu. Yana cikin aiki sai kawai ya ga rami. Ko da notin na alminiyom ne, sai an je wurin mai injin walda na musamman da ake ce wa TIG, mai aiki da iskar agon, kuma wurin da wutar ta taɓa yana yin laushi. Bututun tagogi, wanda yawanci samfurin 6063 ne, ƙarfinsa daga gashin da aka yi masa a masana'anta yake, zafin walda kuma yana warware wannan gashin. Ka biya kuɗi mai yawa, ka karɓi bututun da ya fi na da rauni, ga tabon ƙuna a kantar da ake so ta yi ƙyalli.

Shi kuma haƙorin da ya cinye, lissafi ne ya kama ka. Tazarar haƙori ɗaya zuwa na gaba a bol M6, wato mai lamba 6 irin naka, milimita 1 ce. Bangon bututun da ake haɗa shogilas da shi sau da yawa bai wuce milimita 1 zuwa 1.5 ba. Ka ga haƙori ɗaya tal ka yanka, a ƙarfe mai laushi. Kafin haƙori ya riƙe da kyau a alminiyom ana son zurfinsa ya kai ninki biyu na kaurin bol ɗin, wato kusan milimita 12 ga M6.

Abin da za ka nema shi ne noti mai ribit, wasu 'yan kasuwa na ce masa ribnot. Ɗan gajeren bututu ne mai hula a sama, da haƙori a ƙasan cikinsa, tsakiyarsa kuma siririya ce da gangan. Za ka zura shi a rami, na'ura ta jawo ƙasansa zuwa sama, tsakiyar ta lanƙwashe ta kumbura a bayan bango, bangon ya matse tsakanin hula da kumburin. Kai da kake buga ribit kullum ka san wannan aikin, bambancin kawai shi ne wannan yana barin haƙori a ciki. Daga gefe ɗaya ake sa shi, ba sai hannunka ya shiga cikin bututu ba. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya fito da shi a 1936 don ɗaura robar da ke fasa ƙanƙara a bakin fikafikan jirgin sama, inda fatar alminiyom ce siririya kuma ba hanyar kaiwa bayanta. Yau in ka duba keken zamani, ramuka biyun nan da ake ɗaura mariƙin gorar ruwa, a yawancin kekunan alminiyom shi ne a ciki, mai lamba M5.

Kafin ka tafi kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru ko shagunan noti na Dilimi, yanki guntun bututun ka sa a aljihu. Kowane noti mai ribit yana da iyakar kaurin bangon da zai iya kamawa. Na M6 da aka fi samu yana kama daga kusan rabin milimita zuwa milimita 3, akwai kuma mai dogon wuya na bango mai kauri. In ka sa mai dogon wuya a siririn bango, zai kumbura nesa da bangon ya bar shi yana rawa. Ka duba tsawonsa ma, domin na M6 ya kai kusan milimita 15 kafin a matse shi. A ƙaramin bututu sai ya tokari bangon da ke can gefe hular ba ta zauna ba.

Ramin ma yana da ƙa'ida: M4 yana son milimita 6, M5 milimita 7, M6 milimita 9, M8 milimita 11. A nan ne aiki ya fi lalacewa, domin bakin huji mai lamba 9 ba kowane shagon aiki ke da shi ba, sai yaro ya ɗauki na 10 ya ce ai duk ɗaya ne. Milimita ɗayan nan ita ce ke sa noti ya riƙa juyawa tare da bol. Ka sayi bakin hujin tare da notin, a rana ɗaya. Ka fara da ƙaramin rami na milimita 3 ko 4, ka ɗiga kananzir don kada alminiyom ya manne a bakin, sannan ka goge ƙaiƙayin bakin ramin. Notin ya shiga da ɗan turawa, kada ya faɗa da kansa. In ka samu mai zane-zanen tsaye a wuyansa, ɗauki shi ka bar mai santsi, don zanen yana cizon bango. Mai wuya kusurwa shida ya fi kowanne hana juyawa, sai dai yana son rami mai kusurwa shida, wanda sai ka zauna da ƙaramin magagari ka gyara. Ga kantar magani mai zane ya wadatar.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: ramin abin da za ka ɗaura a kai, ko maƙalar shiryayye ce ko falle, ya zama kusan milimita 6.5 ga M6, yadda zai zauna a kan hular notin. In ramin ya fi hular faɗi, duk ɗaurin da ka yi zaro notin kake yi daga bango.

Daga wani maigidan shago a Gangare, mai yara huɗu a ƙarƙashinsa: Na ga na'urar matse irin wannan noti iri biyu, ƙarama mai kama da ta ribit da babba mai hannu biyu. Wani abokina ya ce ɓarnar kuɗi ce, da bol da sifana ma ana yi. Wanne ne gaskiya?

Maigida, abokinka bai yi ƙarya ba. Ana samun dogon bol mai ƙarfi, wanda aka buga 8.8 ko sama da haka a kansa, a ɗaura masa noti na yau da kullum a kai shi sama, a sa wasa biyu, wato zoben ƙarfen nan mai faɗi da ake sawa ƙarƙashin noti, da ɗan giris a tsakaninsu, sai guntun ƙarfe mai faɗi da aka huda. A ɗaura noti mai ribit a ƙarshen bol ɗin, a zura a rami. Sifana ɗaya ta riƙe kan bol kada ya motsa, ɗayar ta riƙa juya notin sama yana sauka, guntun ƙarfen kuma yana danne hular don kada ta juya. Za ka ji ɗaurin ya yi nauyi, ya ɗan saki lokacin da wuyan ke lanƙwashewa, sannan ya sake yin tauri. A taurin nan na biyu ake tsayawa. In guda shida ko goma za ka sa a wata, wannan ya ishe ka.

Amma kai mai shago ne, kuma yara ne za su yi aikin. Hannun kowa da nasa ƙarfin: wannan ya bar shi sako-sako, wancan ya matse har haƙorin ya tsinke. Shawarata ka sayi babbar mai hannu biyu. Ƙaramar tana yin M3 zuwa M5 lafiya, tana taɓa M6 na alminiyom, amma a M6 ko M8 na ƙarfe za ta gajiyar da hannu, kuma sandar da ke shiga cikin notin tana yawan karyewa. Babbar tana da wurin saita iyakar ja. In ka saita sau ɗaya, na farko da na ɗari duk iri ɗaya za su fito. Wajen saye ka buɗe akwatin a gaban mai kaya, ka ƙirga sandunan, ka gwada kowace da notin lambarta, ka kuma tambaya ko ana samun sandar ita kaɗai in ta karye. Na'urar da ba a samun sandarta, ranar da ta karye aikinta ya ƙare. Ka lura kuma da kayan da aka shigo da su masu awon inci, domin bol ɗin kwata inci yana kama da M6 a ido amma haƙoransu ba sa shiga juna.

Ko wace hanya ka bi, ka sa yaran su fara gwadawa a guntun bututu, sannan ka yanka guntun da zarto su leƙa ciki. Kumburin kirki zagaye yake, ya kwanta a jikin bango ta ko'ina. Wanda ya karkace ko ya tsaya rabi, da ido za su gane shi, kuma wannan kallon ya fi dogon bayani amfani a wurinsu. In wani ya riga ya lalace a jikin aiki, a cinye hularsa a hankali da bakin huji mai ɗan girma, a tura sauran ciki a zazzage shi ta bakin bututu. In ramin ya buɗe, a koma lamba ta gaba.

Daga wata Hajiya a Bukuru: Za a sa mini sola a kan rufi. Mai aikin ya ce zai haɗa mazaunin da bututun alminiyom da irin wannan noti, ya kuma kawo mini farashi biyu, na bol ɗin sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, da na gama-gari. Bambancin da yawa. Dole ne mai tsadar?

Hajiya, ranki ya daɗe, a wannan aikin ki biya mai tsadar. Jos na shan ruwa daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu da danshi, ɗaya yana cin ɗaya. Bol na gama-gari tutiya ce siririya a jikinsa. In ta ƙare sai tsatsa, bayan 'yan damuna ba mai iya kwance shi sai da giranda. Sitenles ma yana ɗan cin alminiyom, za a ga farin gari a gefen ramin, amma da yake bol ɗin ƙarami ne a jikin babban bututu, kuma mu nan ba mu da iskar gishiri irin ta Legas, cin ba ya yin nisa. Shi ya sa masu ƙera mazaunin sola suke haɗa sandunan alminiyom da bol ɗin sitenles. Ki ce ya nuna miki kan bol ɗin, za ki ga an buga A2-70 ko A4. Ya kuma shafa man hana kamewa a haƙoran, don sitenles a kan sitenles yana iya cijewa tun ranar ɗauri.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne inda zai sa notin. Noti mai ribit yana da kyau wajen riƙe akwatin waya, maƙalar kebul da murfi. Amma mahaɗar da ke riƙe da faifan sola a kan rufi tana fama da iskar farkon damina, wadda ke shiga ƙarƙashin faifai ta ɗaga shi sama, kuma kin san yadda take yaye kwano a unguwanni. Ja irin wannan yana iya zaro notin tare da yage siririn bango. A manyan mahaɗai ki ce ya huda bututun gaba da baya, ya zura bol M8 ya fita, da wasa mai faɗi a kowane gefe da noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da girgiza. A cikin bututun kuma ya sa ɗan guntun ƙaramin bututu mai kauri wanda bol ɗin zai ratsa, domin in babu shi, ɗauri yana lotsa bangon, bayan wata biyu a tarar ya saki. Bangon bututun mazaunin ya kai milimita 2 ko fiye, kada a kawo ragowar na tagogi. In kuma ana samun sandunan sola na asali masu kwari a tsakiya da maƙalansu, sun fi duk wannan, tunda ba a huda komai. Kada ki yarda ya huda sabon rami a firam ɗin faifan kansa, yawancin kamfanoni suna janye garantinsu a kan haka.

Daga wani ɗalibi a Unguwar Rogo: Ina haɗa teburin karatu, ina son ƙafafu masu juyawa don daidaita shi a daɓe. Zan iya liƙa noti a bakin bututun da gam ɗin Araldite?

Ƙanena, gam mai haɗi biyu yana kama alminiyom in an kankare shi da samfefa an goge maiƙo an shafa nan take, amma noti a bakin bututu ba shi da faɗin da gam zai riƙe, kuma nauyin tebur da jan sa a ƙasa za su ɓalle shi. Ka je wurin masu sayar da kayan kujeru da tebura ka nemi toshiyar bakin bututu mai haƙori a tsakiya. Akwai ta roba mai noti a ciki, akwai ta ƙarfe mai fikafikai da ke cizon bango in an buga ta. Ana sayar da su bisa faɗin bututu da kaurin bangonsa, yawanci da haƙorin M8 ko M10, don haka kai ma ka tafi da guntun naka a gwada a gabanka. Ka buga ta da gudumar roba, ko ka ɗora katako a kai kafin ka buga, sannan ka sayi ƙafafun a shagon don lambar haƙorin ta zo ɗaya.