An Kama Ƙanina Bayan Zanga-zangar Lumana, Ba Mu San Inda Yake Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga cikin birnin Kano nake rubutowa. Kwana tara ke nan da jami'an tsaro suka kwashe ƙanina tare da wasu matasa bayan sun fita zanga-zangar lumana kan tsadar rayuwa. Duk ofishin da muka je sai a ce ba ya nan, wayarsa kuma a kashe. Manya sun ce mu yi shiru kada mu ƙara dagula masa lamari. Mene ne matsayin doka, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya bayyana shi lafiya. Da dukkan girmamawa ga manyanku, shiru ba ya daga cikin abin da zai amfane shi a yanzu, domin kwanakin da ba wanda ya san inda mutum yake, ba lauya, ba likita, ba ɗan uwan da ya sa shi a ido, su ne kwanakin da aka fi dukan tsararru a tilasta musu sa hannu a kan bayanin da ba su yi ba. Jami'in da ya san gobe uwa za ta kawo kwanon abinci ta dubi fuskar ɗanta yakan yi tunani kafin ya ɗaga kulki.

Fitar da ya yi ba laifi ba ce muddin bai fasa ko ya ƙona komai ba. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi 'yancin taro, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin gangamin lumana, a shari'ar da ta samo asali daga taron jam'iyyar ANPP da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a nan Kano a 2003.

Sashe na 35 ne ya fi shafarku. Ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, abin da ba a rasa ba ko'ina a birnin Kano. Wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka ware daga wannan wa'adi, shi ya sa nakan damu ƙwarai idan na ji an jingina wa mai ɗauke da kwali tuhumar cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Mun ga inda hakan ke kaiwa a ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 da aka kama bayan zanga-zangar watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, da yawansu yara 'yan Kano, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasu sun yanke jiki sun faɗi a gaban alƙali saboda yunwa, kuma sai da hotunansu suka karaɗe ƙasa sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu.

Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta haramta tsare mutum a ɓoye ko yanke shi daga kowa, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar, kuma ba ta karɓar uzurin cewa umarni ne daga sama.

Ku zauna yau ku rubuta ranar kamun, da lokaci, da wurin, da irin kakin jami'an da motar da suka zo da ita, da waɗanda suka shaida. Ku nemi lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda takarda a buga mata hatimin karɓa, ku kai kwafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kano. Idan ba hali, Hukumar Ba da Agajin Shari'a kyauta take aiki. A duba gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse, domin wani lokaci an riga an kai mutum ajiya bisa umarnin kotun majistare ba tare da iyali sun sani ba. Idan duk da haka bai bayyana ba, Ƙa'idojin Tilasta Haƙƙoƙi na 2009 sun ba ke kanki damar shigar da ƙara a madadinsa a Babbar Kotu, ki roƙi a umarci masu riƙe da shi su kawo shi.

Ku yi hattara da masu cewa a ba su kuɗi su fito da shi ta bayan fage. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Ranar da kuka gan shi, ki sa ya ɗaga riga ki duba bayansa da wuyan hannunsa da tafin ƙafarsa, a ɗauki hoto, a kai shi asibiti a karɓi rahoton likita kafin tabon ya baje, domin da shi lauya zai nemi kotu ta yi watsi da duk bayanin da aka karɓa da duka, ya kuma nemi diyya da neman gafara a bainar jama'a kan tsare shi ba bisa doka ba, kamar yadda sashe na 35 ya tanada.