Ga ɗiyata da Mama Fasto ta tafi ta bari

Ɗiyata, sannu da haƙuri. Kin ce matar faston da ta riƙe ki tun kina ajin baftisma ta tashi, an mai da maigidanta Yamai, yanzu ko kin kira ta sai ta ce za ta neme ki, shiru. Kin ce addu'a ta yi miki nauyi, kina tsoron kada bangaskiyarki ta yi sanyi. Na ga wasu sun ce miki ki dubi Yesu kawai. Gaskiya suka faɗa, amma mai kuka yana bukatar a zauna da shi tukuna.

Kewar da kike ji ba zunubi ba ce. Dattawan Afisa da kansu, da Bulus ya yi musu bankwana a Militas, kuka suka yi sosai suna rungumarsa (Ayyukan Manzanni 20). Ni wadda ta raine ni cikin bangaskiya mutuwa ce ta ɗauke ta. Tsohuwa ce daga Tsibiri, daga gidajen masu bi na farko. Nakan same ta a tsakar gida tana ɓarar gujiya, ta miƙo mini Littafi Mai Tsarkinta da bangonsa ya sha ɗinki, ta ce in karanta da ƙarfi. In na gama ba ta yin wa'azi. Sai ta ce, "To, me ya ce miki?" Ta ci gaba da ɓararta har sai na ba ta amsa. Bayan rasuwarta na daɗe in na buɗe baki zan yi addu'a sai hawaye.

Abin da na fi so ki ji shi ne, kada ki yi gaggawar neman wadda za ta zauna a kujerar Mama. Ki buɗe 2 Tarihi sura 24. Yowash yana da shekara 7 ya hau sarauta, firist Yehoyada ya riƙe shi. Nassi ya ce ya yi abin da ke daidai dukan kwanakin Yehoyada, har Haikali ya gyara. Da tsohon ya rasu yana da shekara 130, sai manyan Yahuza suka zo suka rusuna wa sarki, shi kuwa ya ba su kunne. Ƙarshenta shi ya sa aka jajjefe Zakariya, ɗan mutumin da ya raine shi, a farfajiyar Haikalin da ya gyara. Labarin nan yana ba ni tsoro duk lokacin da na karanta shi, don Yowash bai tashi da niyyar barin Allah ba. Ya saba wani ya yi masa tunani, sai ya miƙa kansa ga waɗanda suka fara zuwa.

A garin nan masu fara zuwa suna da yawa. Za su same ki a WhatsApp, su ce an nuna musu ke cikin wahayi, akwai mai binki da sammu a danginku, ki turo jika biyar na "iri", wato kuɗin addu'a, a karya sammun. Na ga yarinyar da ta sayar da keken ɗinkinta saboda irin wannan. Duk wanda ya fara da tsorata ki, ko ya ce kada dattawan ikkilisiyarku su ji, ki rufe masa ƙofa.

Kin san labarin Tony Rinaudo, Baturen Ostareliya da ya yi aiki da mishan ta SIM a nan yankin Maraɗi. Ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa ƙananan tsirrai da ake sassabewa a gonaki toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Manoma suka koyi zaɓen toho mai ƙarfi su bar shi, su rage sauran, kalgo da sabara suka dawo. Haka nake ganinki. An sare inuwar da kike zama, amma saiwar tana nan: ayoyin da ta sa kika haddace, waƙoƙin da kika koya a bakinta, yadda kika ga tana gafarta wa mutane. Aikin da take yi miki ne yanzu ya dawo hannunki.

Ni ga yadda na yi. Kiran sallar asuba na masallacin unguwarmu shi ke tashe ni, kafin yara su farka. Ina karanta ɗan guntu daga Markus da murya, ba a zuci ba, sannan in yi wa kaina tambayar tsohuwar nan. Ranar da addu'a ta ƙi fita, sai in ari Zabura 13 ko 42 in karanta su a matsayin tawa. Akwai ranakun da ban ji komai ba, na dai karanta na tashi na hura wuta. Su ma ina lissafa su cikin ibada.

Sannan kada ki daina zuwa Zumuntar Mata don babu ita a kujerar gaba. Abin da kike samu wurin mutum ɗaya, a can za ki tarar an rarraba shi. Wata ta iya addu'a, wata ta san Nassi, wata ba ta da baki amma ita ce za ta zo da fura ranar da kike kwance. In an shirya gaisuwar marasa lafiya a asibitin Danja, ki shiga mota. Ki kuma roƙi a ba ki ajin yara ran Lahadi, ko yarinya guda da ke shirin baftisma. Bulus ya ce wa Timoti abin da ya ji daga gare shi ya danƙa wa waɗansu (2 Timoti 2:2). Ni ban san yawan abin da tsohuwar ta zuba mini ba sai da na fara koya wa wata.

Sabuwar matar fasto kuma, don Allah kada ki auna ta da Mama. Baƙuwa ce, ita ma ta baro nata mutanen. Ki je ki gaishe ta.

Batun waya, kada ki ɗauka ta yar da ke. Sabuwar ikkilisiya, sabon gida, yara da makaranta, ga wasu irinki da suka riga suka yi layi a ƙofarta. Ki rage kira. Ki aika mata saƙon murya gajere, ki gaishe ta da Baba Fasto da yara, ki faɗa mata ayar da kika karanta makon nan da abin da kika gane a ciki. Ko ba ta amsa nan take ba, ki sake aikawa wata mai zuwa.